Azurfata a Kan Sabon Faifai

Tsufa ɓarawo ne mai haƙuri, kullum sai ya ɗauke maka ɗan wani abu. Yanzu nakan kira jika da sunan ubansa, in shiga ɗaki in manta abin da ya kai ni. Amma akwai wata Juma'a ta ƙarshen damina da ɓarawon nan ya kasa taɓawa. Na tabbata har ranar da za a kai ni makwancina tana nan daram a zuciyata, da ƙamshin ruwanta da guɗarta da komai.

Lokacin Turawa suna nan, saura 'yan shekaru su naɗe tabarmarsu. Ina saurayi, ina aikin awon gyaɗa a wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, gidanmu kuwa yana cikin garin Haɗeja. Sa'o'ina kowa da abin da ya ɗauke masa hankali, wani keke, wani agogon hannu, wani kokawa. Ni tsofaffin kuɗin azurfa ne suka shiga raina. A zamanin, sulen da ke yawo a hannun mutane ya riga ya zama ja, mai launin tagulla. Farar azurfa ta gaske ta daɗe da ɓuya, sai dai a kitson matan Fulani, ko a gindin tukunyar wata tsohuwa, ko a gaban maƙerin fari tana jiran wuta. Ni kuwa duk inda ta shiga sai na bi ta. In manomi ya kwance ƙullinsa na hango fari a ciki, to, ranar ba zan bar shi ya hau jakinsa ba sai mun daidaita. In na karɓa sai in sake shi a kan dutsen sikeli in kasa kunne. Azurfa ta gaske tana da wani kuka siriri mai tsawo, kamar muryar budurwa daga ƙetaren kogi.

A wata battar fata nake ajiye su, kowanne na naɗe shi da ɗan ƙyallensa. Innata ba ta taɓa gane wannan ciwo nawa ba. Duk ranar da ta leƙo ta tarar na baza su ina kallo, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Sa'o'inka suna tara na aure, kai kana tara na kallo. Kuɗin da ba ya sayen gishiri, ina amfaninsa?"

Abin da ba ta sani ba shi ne, hotunan da ke jikinsu ne suka kama ni. Akwai wani tsohon Balarabe mai sayar da turare da murjani a bakin tasha, wanda iyayensa suka zo daga Turabulus. Shi nake kai wa duk wanda na samu, ya juya shi a hannu ya ba ni labarinsa. Ko duk gaskiya yake faɗa, ko yana ƙara gishiri, Allah ne masani, ni dai ina sha kamar fura. Ina da farin sule na farko mai hoton bishiya, wanda mutanenmu suka yi ta gardama a kansa, wasu su ce giginya ce, wasu dabino, shi kuwa ya ce kwakwar manja ce ta kurmi. Ina da tsohuwar sarauniyar Ingila iri biyu, ɗaya tana yarinya da ɗan tukku a ƙeya, ɗaya ta tsufa kumatu sun sauko. Ina da na sarkin Santambul da wani alhaji ya zo da shi, ba hoton mutum a jikinsa sai rubutu da aka murɗe shi ya yi kama da tsuntsu. Ina kuma da tamma ta ƙasar Faransa, mai wata siririyar mace tana tafe tana watsa iri, rana na fitowa a bayanta.

Amma sarauniyar battar ita ce liyari. Ƙaton kuɗi ne mai nauyi a tafin hannu, da hoton wata mace mai jiki, mayafi ya sauko mata daga ka zuwa kafaɗa, a bayansa kuma gaggafa mai kai biyu. Balaraben ya ce mini matar sarauniya ce a wata ƙasar Turai mai sanyi, ta haifi 'ya'ya rututu, tana matuƙar son mijinta. Da ya rasu sai ta yafa mayafin takaba, ba ta ƙara cire shi ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ranar da na ji wannan labari ban iya cin tuwo ba. Na yi ta kallon fuskarta ina cewa a raina, ashe akwai irin wannan so a duniya! Na yi wa kaina alkawari, in ba mace mai irin wannan zuciya ba, gara in mutu gwauro. Ƙuruciya dai, Allah ya yafe mana.

Guda ɗaya ne ya gagare ni, wanda ake kira mai igwa biyu. Balaraben ya ce ba igwogi ba ne, ginshiƙai ne guda biyu da magabata suka ce an kafa a inda ƙasa ta ƙare teku ya fara, an naɗe su da ƙyalle mai rubutu da ke cewa akwai sauran duniya a gaba. Ya ce a da ana samunsa wajen mutanen Barno, amma yanzu ko shi ya daɗe bai gan shi ba.

Wanda ya kawo mini labarinsa shi ne taubashina, ɗan kawuna, masunci ne a wajen Auyo. Ya girme ni kaɗan, kuma tun muna yara ba ya kirana da komai sai bawansa. Ya zo Haɗeja da kwandon banda, muna zaune a zaure ya ce, "Bawana, na ga irin tarkacen nan naka a wuyan wata tsohuwa. Wani mai taɓare biyu a jiki."

Na miƙe tsaye ban sani ba. Ya ce tsohuwar tana wata 'yar unguwa a kan tudu, tsakiyar fadama, mutanen da kakanninsu suka taso daga bakin tafkin Chadi. Yanzu ruwa ya kewaye su, sai da kwalekwale. Na ce ya kai ni ko da a bayansa ne.

Lokacin ba a buɗe cinikin gyaɗa ba, ina da sarari. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ban ko cire farar rigata da hulata ba, na sayi goro fari mai kyau don gaishe da tsohuwa, na saka battata a aljihu, muka kama hanya. Taubashina ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya yi wani ɗan murmushi. Da ina da wayo, da tun daga murmushin nan na koma gida.

Wanda bai taɓa shiga fadamar Haɗeja a ƙarshen damina ba, bai ga ado ba. Ruwa ya shimfiɗu iyakar ganinka, shinkafa ta ɗago kai kore shar a samansa, furen bado fari fat ya bazu kamar an watsa taurari da rana. Balbelu suna tashi a gabanmu, dinya tana ratsa sama. Taubashina yana tura jirgi da gora yana waƙarsa, ni kuwa ina dafe da aljihu ina tsara yadda zan yi da tsohuwa.

Don mu masu wannan nema muna da ƙa'idarmu. Ba ka taɓa faɗin abin da ya kawo ka. Da zarar mai abu ya gane idonka na kansa, ko dai ya tsuga maka kuɗin doki, ko ya ce gadon uwarsa ne ba na sayarwa ba. Abin da ake yi shi ne, ka baza naka a gabansa ka yi shiru. In ya ga kyansu, da kansa zai ciro nasa ya ce, "Ni ma ina da irinsa." Daga nan sai a shiga maganar musaya. Wannan dabara ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai ranar.

Muka tarar da tsohuwar a ƙarƙashin rumfa tana gyaran kuɓewa. Doguwa ce, baƙa, da tsagen Barebari a kumatu, idanunta tar kamar na yarinya. Ta tarbe mu da "Lale, lale, wushe!" aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Ina durƙusawa gaisuwa na hango shi a wuyanta, tsakanin murjani, ya yi baƙi-baƙi don daɗewa, ga ginshiƙan nan biyu a tsaye.

Na miƙa goro. Sannan na dubi tabarmar na ga da 'yar ƙura, sai na ce, "Kaka, ko za a taimaka mini da faifai? Sabo, in akwai."

Tsohuwa ta ajiye wuƙarta. Ta dube ni, ta dubi taubashina, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Ta ɗaga murya ta yi magana da yarensu, sai ga hannu ya miƙo sabon faifai ta bayan zana. Na kwance ƙyallayena a hankali, na jera azurfata kaf a kai, liyari a tsakiya, sauran sun kewaye ta. Na tura faifan gabanta, na harɗe hannu, na ja bakina na tsuke.

Tsohuwa ta dubi faifan. Can ta juya wajen taubashina ta ce, "Ɗan gidan wa ne?" Ya faɗa mata. "Sana'arsa?" Ya ce awon gyaɗa, har da ƙarin cewa Bature ba ya rantsuwa sai da sikelina. "Yana da iyali?" Ya ce, "Ko kaza ba ya da ita, Kaka." Ni duk a zatona hirar tsofaffi ce, ina ta satar kallon wuyanta ina jiran ta kai hannu.

Ta kai hannu kuwa, amma wani faifan ta jawo ta kife a kan azurfata. Kafin in buɗe baki, wata mata ta fito ta ɗauke su ta yi cikin gida. Sai guɗa ta tashi! Daga wannan gida ta faɗa wancan, har kaji suka watse. Na yunƙura zan yi magana, taubashina ya danna mini babban yatsansa a cinya har sai da na ga wuta. Tsohuwa ta ce, "Mun gani, mun gode. Ku dawo Juma'a mai zuwa ku ji."

Sai da muka yi nisa cikin ruwa ya ajiye gora, ya kwanta a cikin jirgi yana dariya har muka kusa kifewa. Da ƙyar ya iya yi mini bayani. Ashe mutanen tudun nan suna da al'adarsu da suka taho da ita. Mai neman aure a wurinsu ba ya aiko manya da farko, kuma ba ya furta komai. Yakan zo da kansa ranar Juma'a, da farar riga da goro da abokin rakiya, ya roƙi sabon faifai, ya zuba farar azurfa a gaban babbar gida, ya yi shiru. In an kife faifan, an karɓi maganarsa ke nan za a duba.

Na ce, "Kuma ka sani ka bar ni?"

Ya ce, "Ni na ce ka sa farar riga? Ni na ce ka nemi sabon faifai? Wallahi bawana, ko ɗan garin bai taɓa yin ta daidai kamar yadda ka yi ba."

"To wa na nema?"

"Jikarta. Ita kaɗai ce a gidan."

"Juya jirgin nan in je in karɓo kayana!"

Nan dariyarsa ta tsaya. Ya zauna sosai ya ce in saurara. Jikar nan bazawara ce, yarinya ɗanya. Ba ta daɗe a ɗakin mijinta ba zazzaɓi ya ɗauke shi, a shekarar kuma ruwa ya cinye gonar uban mijin. Shi ke nan bakin mutane ya sauka a kanta, aka ce farar ƙafa gare ta. Damina biyu ke nan da ta fita takaba, ko kare bai leƙa gidan da sunan nema ba. Ya ce, "Ka ji guɗar nan? Ta shekara biyu ce aka tara. In ka koma ka ce kuskure ne, gobe duk fadamar nan za a ce ɗan birni ya zo ya ji labarin ƙafarta ya gudu. Ka gama da ita ke nan."

Na ce, "In kuma na yi shiru?"

"In suka amsa, azurfar faifai ta amarya ce. Maƙeri za a kai wa ya narka, a yi mata munduwa."

A narka! Sarauniyata mai mayafi, da mai watsa iri, da rubutun Santambul, duk su zama ƙarfen hannu! Makon nan ban san yadda na yi shi ba. In na tuna kaskon maƙeri sai in zabura kamar zan je in karɓo kayana. In na tuna wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba, wadda aka yi wa guɗa saboda wautata, sai kunya ta rufe ni. Innata kuwa labari ya riga ya iso mata ta bakin taubashina, har ta fara yi mini kallon mutum mai hankali. Ta ce ita ba ruwanta da zancen ƙafa, ƙafar kowa a hannun Allah take.

Juma'a ta zagayo muka koma. Na ƙudura a raina zan faɗi gaskiya cikin ladabi in karɓi azurfata, abin da zai faru ya faru. Aka kai ni wani ɗan zaure na zana mai kallon ruwa, taubashina ya tsaya can bakin jirgi. Jim kaɗan sai na ji sallama.

Na karanta 'yan littattafan soyayya da yawa a tsufana, na ga yadda suke kwatanta mace da wata daren sha huɗu. Ni dai abin da na gani shi ne doguwar mace wankan tarwaɗa, da zane mai shuɗi, hannunta duk ƙaiƙayin shinkafa, da wasu idanu masu kallon mutum kai tsaye ba tare da rashin kunya ba. Tana riƙe da faifan nan a rufe. Ta zauna nesa kaɗan, muka gaisa, ta ajiye shi tsakaninmu.

Ta ce, "Malam, kafin ka wahalar da bakinka, na san ba ni ka zo nema ba."

Na ce, "Wa... wa ya gaya miki?"

"Ina bayan zana ranar. Tun da nake ban taɓa ganin mai neman aure ya ƙura wa wuyan tsohuwa ido haka ba. Har na ce ko Kaka ce ta yi kasuwa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta ci gaba, muryarta ba rawa. Ta ce kada in damu, ta riga ta yi tunani. Za ta ce wa kakarta ita ce ba ta so, ɗan birni ba zai iya da ita ba. Ta ce, "Gara a ce na ƙi, da a ce an guje ni. Ka ga ni ma na samu abin faɗa a bakin rijiya: an zo, na ce a'a." Ta yi 'yar dariya, amma ta kawar da kai wajen ruwa da sauri.

Ga kayana a gabana, ga ƙofa a buɗe. Abin da ya rage in ɗauka in yi godiya. Sai ta buɗe faifan ta ce, "Amma kafin ka tafi, mako guda ina kallon mutanen nan, ba su ce mini komai ba. Wace ce wannan?"

Tamma ta ɗauka. Na gyara zama, don an zo fagena. Na ce mata wannan mace ita ce ƙasar Faransa, tana shuka alheri a duniya, rana na fito mata.

Ta kai shi kusa da ido ta ce, "Wannan ba ta taɓa yafa shinkafa ba."

"Kamar yaya?"

"Dubi gashinta, baya yake tashi. Iska daga gabanta take zuwa ke nan. Wa yake yafa iri yana fuskantar iska? Ai duk a ido zai dawo mata. Da a gonar Kaka ne, da ta sha zagi."

Na karɓa na duba. Shekara nawa ina kallon kuɗin nan, ban taɓa lura ba! Dariya ta kama ni, ita ma ta kama ta. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Bishiyar sule ta ce ko ma mece ce, wanda ya zana ta bai taɓa hawa bishiya ba. Sarauniyar Ingila biyu ta jera su ta ce, "Allah sarki, ita ma tsufa bai ji tsoron sarautarta ba." Rubutun Santambul kuwa ta riƙe shi da ladabi, ta ce ko ba ta iya karantawa ba, ta san hannun mai natsuwa ne.

Da muka zo kan liyari sai na sassauta murya. Na ba ta labarin sarauniya mai mayafi kamar yadda na saba ba kaina, har da ƙarin nawa gishirin. Na ce wannan ita ce macen da ta fi kowace mace sanin so, don ta mutu da takabar mijinta a ka. Sai da na rufe baki na tuna da wadda nake gaya wa.

Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce, "Sarauniya ce, tana da masu yi mata noma. Kuma ina jin ba wanda ya taɓa ce mata ƙafarta ce ta kashe shi." Ta ajiye shi a hankali. "Ni ma na so nawa mijin, Malam. Mutum ne mai sanyin hali, Allah ya jiƙansa. Na yi masa wata huɗu da kwana goma da Ubangiji ya ɗora mini, ina yi masa addu'a har gobe. Amma ita wannan mayafinta ita ta zaɓa. Nawa mutane ne suka yafa mini, kuma sun ƙi bari in cire."

Wallahi ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba. Shekaru ina soyayya da fuskar ƙarfe, ga mai rai a gabana ta faɗi abin da ya fi duk labaran Balarabe nauyi, kuma ta faɗe shi tana kakkaɓe ƙaiƙayi daga hannunta. Ta tura mini faifan ta ce, "Kwashe mutanenka, rana na yi."

Na dubi azurfata. Na ɗauki ɗaya faifan na kife a kai, na mayar gabanta.

Ta ce, "Malam, ka san abin da ka yi kuwa? Na farko kuskure ne, an yafe. Wannan fa?"

Na ce, "Wannan da idona biyu."

"Tausayi ne? Don in shi ne, ɗauki kayanka, ina da mai tausayina."

"Ba tausayi ba ne. Ina da sauran tambayoyi a kan mai watsa irin nan, kuma na ga ba za su ƙare yau ba."

Ta rufe baki da gefen mayafi. Can ta ce, "Za a narka su fa."

Na ce, "Na sani."

Daga nan manya suka shiga maganar yadda aka saba. Bayan an yanke shinkafa ruwa ya janye, Kaka ta zo Haɗeja da kanta a kan jaki, ta ce sai a gaban idonta za a yi aikin, don maƙeran birni ba ta yarda da su ba. Muka tafi maƙera da hantsi, ni da ita da taubashina. Ina tafe kamar mai raka gawa. Maƙeri ya zazzage azurfar a kan fata, ya ce munduwa nawa ake so?

Kaka ta ce, "Ba munduwa. Mai abin ta ce munduwa tana hana ta daka. A yi wa kowanne kunne, a jera mata a zare ta rataya a wuya."

Na ji kamar an sauke mini buhun gyaɗa daga ka. Na kusa rungume tsohuwar nan. Amma maƙeri ya ce kunne ai da azurfa ake yinsa, kuma wannan yawan sai an narka babba guda. Na yi wuf na ce zan sayo wata azurfar yanzu-yanzu. Kaka ta daka mini harara ta ce abin da aka zuba a faifai ba a ƙara masa, ba a rage masa, kada in ɓata mata al'ada bayan na yi ta da kyau. Ta ce, "Ita ma ta san za a zo nan. Ta ce in an zo, a narka mai mayafin."

Maƙeri ya ɗauki liyarina da awartaki ya saka a ɗan kasko, aka kama zuga. Na tsaya ina kallo. Azurfar ta yi ja, ta yi fari, sannan mayafin ya fara malalewa, fuskar ta bi shi, sai ga wani ɗan ruwa mai sheƙi yana rawa a gindin kasko. Taubashina ya dafa kafaɗata ya ce, "Sannu bawana, Allah ya ba ka haƙuri. Yau kai ma ka shiga takaba." Har maƙerin sai da ya ajiye awartaki ya dara.

Mai igwa biyu kuwa, ban taɓa samunsa ba. Na roƙi Kaka, na yi mata alkawarin turmin atamfa, na aika mata da goro har na gaji. Kullum amsarta ɗaya ce: "Kai wane irin makwaɗaici ne? Ka zo neman taɓare biyu, an ba ka mai dakan gaba ɗaya, kuma ba ka ƙoshi ba?" Daga baya wata jikar tata ta ba, can wajen Nguru, wadda ko sanin darajarsa ba ta yi ba.

Bayan biki da kwanaki, amarya tana zaune tana tsince shinkafa, azurfata jere a wuyanta suna ɗan kuka in ta motsa, na tambaye ta abin da ke cina. Na ce duk cikinsu me ya sa ta zaɓi wadda na fi so?

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Na ga baiwar Allah ta daɗe a takaba, na ce bari ta fita ta sha iska. Kuma ai ba ta tafi ko'ina ba. Ga ta nan, ita ke riƙe da sauran duka."

Ƙafar da aka ce fara ce, ita ta taka gidana ya cika da 'ya'ya da jikoki har na rasa wurin shimfiɗa tabarmata. Abin da na koya shi ne, hoto ba ya musu, duk labarin da ka ɗora masa zai ɗauka ya yi shiru, shi ya sa son sa yake da sauƙi. Mutum mai rai kuwa yana da nasa labarin, kuma sau da yawa ba shi ne wanda gari ya rataya masa ba. In Allah ya haɗa ka da shi, ko ta hanyar wautarka ce, ka zauna ka saurara daga bakinsa, ko da sauraron zai ci maka abin da ka fi so a cikin battarka.